Na'urar da Ta Tona Min Asiri

Ku gyara zama, 'yan'uwa, yau da dariya na zo muku, duk da lokacin da abin ke faruwa ba dariya nake yi ba. Wadda ta turo min saƙo wai na cika jan aji, na ji, na kuma gode. Ki karanta ki ga inda jan ajin ya so ya kai ni.

Don sababbin zuwa, ni ce auta a gidanmu, kuma Auta ake ce min har yau da na gama karatu na kama aiki. Kamfaninmu ƙarami ne, a saman wani shagon ɗinki muke, muna haɗa na'urar ƙara ji, irin wadda ake maƙalawa a bayan kunne. Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba. Ni ke zana hanyoyin wuta a kan ɗan koren allon da ke cikinta.

Shugabarmu ta ce ba ta son maɓalli mai rami, don ta nan gumi ke shiga ya kashe na'ura. Sai na zana wani siririn layin tagulla a kan allon, ya yi ta zagaye kansa kamar maganin sauro mai naɗi, faɗinsa bai kai maɓallin riga ba. Koyil muke ce masa. In aka haɗa shi da ɗan kafasito, wata 'yar ƙwaya mai ajiye wuta, sai wuta ta riƙa kai da komo a tsakaninsu kamar lilo. Da ƙarfe ya matso kusa, saurin lilon ya canza, na'urar ta gane. A cikin murfi, daidai saitin koyil ɗin, akwai ɗan siririn ƙarfe. Kin danna murfin da yatsa, ƙarfen ya matso da abin da bai kai kaurin gashi ba, sauti ya ƙaru. Ba rami, ba maɓalli. Ranar da ya fara aiki sai da na taka rawa a banɗaki ni kaɗai.

To shi murfin nan, akwai mai zana shi. Mai Murfi kowa ke ce masa. Dogo ne, mai sanyin magana, kullum da fensir a bayan kunne, kuma tun da na fara aiki muke faɗa a kan wuri. Ni ina son fili, shi yana son ya matse. Na sa wa koyil ɗina wani baƙin faifai a bayansa, mai tare duk ƙarfen da ya zo ta baya, don ta gaba kawai nake so ya ji. Sai murfi ya ƙi rufuwa.

"Injiniya, ki bari a ɗan datse gefen faifan nan."

"A datse maka gefen hancinka."

"Shi ai da saura, ko an datse zai isa."

Na yi dariya ban shirya ba, na bari aka datse. Haka yake cin galaba a kaina, da sanyin baki.

Wata rana bayan an tashi, ina naɗe wayoyin teburina, ya ajiye min irin 'yar ledar nan mai ƙyalli da muke zuba ƙananan kaya. Na ce wane kafasito ne kuma wannan? Na zazzage a tafin hannuna, sai ga zoben azurfa, siriri, da ɗan dutse launin ruwan zuma.

Bai kalle ni ba, fensir ɗinsa yake juyawa. "Ba na so na takura miki. In na gan shi a hannunki, na san amsa, zan je na gaida Baba. In ban gani ba, shi ma amsa ce, ba zan sake tada maganar ba."

Ni kuwa, bakin nan nawa da ba ya gajiya, abin da ya iya fitarwa shi ne, "Zan yi tunani."

Wane tunani, jama'a? Tun kafin na sauka daga bene na gama tunanin. Amma kunya ta riƙe ni, ga tsoron a ce auta ta zo aiki ta ɓige da soyayya, ga kuma wani ɗan shaiɗanin daɗi da nake ji in na ga yana satar kallon hannuna. Na ce bari mu gama na'urar nan tukuna.

Sai dai na kasa rabuwa da zoben. A ƙofar ɗakin gwajinmu akwai kwanon roba, duk mai shiga sai ya zuba agogo da awarwaro da zobe a ciki, kuma ni na kafa dokar da bakina. Kullum da safe zan cire agogona na jefa a kwanon da ƙara, kowa ya ji. Sai na juya baya, na zaro zoben daga aljihun jakata, na zura a yatsan hagu, na ɗora safar hannu ta aiki a kai. In za a tashi, tare nake zare su, zoben ya maƙale a cikin safar. Hankalina kwance, ai koyil ɗina ba ya ji ta baya.

A gida kuwa Gwaggo, yayar Baba, ta sauka da akwatinta da jakar magungunanta, wai ta zo ganin likitan ido. Ido kam lafiyarsa lau, don ko saƙo ya shigo wayata daga ɗaya falon sai ta gani.

Na shigo ranar da doguwar rigata ruwan toka da mayafi ruwan hoda, na tarar da ita a kan kujerar Baba, ta miƙe ƙafa a kan ɗan tebur, Umma na ninke wanki a gefe.

"Ga 'yar wayoyi ta dawo. Zo nan, Auta. Ke har yaushe za ki yi ta liƙe-liƙen dalma? Ɗan ƙawata mai sayar da motoci ya ga hotonki, ya kasa cin abinci."

"Allah ya ba shi lafiya, Gwaggo, a kai shi asibiti."

"Ji bakinta! Kin ga abin da kuka haifa?"

Umma ba ta ɗago ba, ta ce, "Ai ku kuka haife ta, Yaya, bakin naku ne."

Baba ya leƙo daga tsakar gida da butar ban ruwan shukokinsa a hannu. "Ba mai yi mata dole. Amma Auta, in da wani a ƙasa, ki faɗa. Mutum ba ya rufe ƙofa ya kuma ce ba a sallama."

Na ce, "Babu kowa, Baba," na shige ɗaki da zoben mutum a jakata. Allah ya yafe min.

Ana haka matsala ta ɓullo. Na'urar nan a jikin mutum za ta zauna, don haka dole a san yadda take yi in ta ɗauki ɗumi. Muna da akwatin ɗumama kaya, amma yana da jinkiri, ni kuwa ba ni da haƙuri. Dabarata ita ce na damƙe na'urar a tafin hannuna, na bar wayoyin gwaji suna leƙowa ta tsakanin yatsu, ina kallon layin da ke gudu a kwamfuta. Na damƙe ta a hannun hagu, ban danna komai ba, sai layin ya yi tsalle, sauti ya ƙara kansa. Na buɗe hannu, ya koma. Na sake, ya sake.

Nan take na yanke hukunci: ɗumi ne ke sa robar murfi ta saki, ƙarfen ciki ya matso. Laifin Mai Murfi ne. Ban tsaya na same shi a gefe ba, a taron safe na faɗa, gaban Shugaba da kowa.

"Murfin yana motsi da ɗumi. Ni allona lafiyarsa ƙalau."

Ya ɗago a hankali. "Robar nan ba ta motsi a ɗumin jiki, Injiniya."

"To ƙarya nake yi ke nan?"

"Ban ce ba."

Shugaba ta zare tabarau ta ce ba ta son jin na wane ne, ta ba mu zuwa ƙarshen mako mu kawo mata gyara.

Mai Murfi ya sa na'urar a akwatin ɗumi, layi bai motsa ba. Ya damƙe ta a hannunsa har ya yi gumi, shiru. Ni ina karɓa, tsalle. Maimakon na tsaya na yi tunani, sai na hau fushi, na ce hannunsa sanyi ne kamar na kifi. Ya canza roba, ya matsar da ɗan notin da ke riƙe batir, ya ƙara wa murfin haƙarƙari ta ciki. Duk a banza. Na daina amsa masa gaisuwa da fara'a, shi kuma ya daina kallon hannuna. Wannan na biyun ne ya fi min zafi.

Ranar Laraba da yamma ina cikin motar haya, na matse tsakanin wata mata mai kwandon kayan miya da taga, saƙonsa ya shigo.

"Injiniya, Shugaba ta daɗe tana so na koma sabon reshenmu na can nesa. Na yi ta ja mata rai. Gobe da rana zan ba ta amsa."

Na rubuta, "Wace amsa?"

"Zan je. Na ga amsarki, ban ji haushi ba. Kawai zama tebur biyu tsakanina da ke ya fara yi min nauyi."

'Yan'uwa, na rubuta "Kar ka tafi," na goge. Na rubuta "Ai ina sa shi," na goge. Kun san abin da na tura? "Allah ya zaɓa mafi alheri." Matar da ke gefena ta ga hawaye na ɗiga a kan waya, ta miƙo min gefen mayafinta.

Umma ta same ni a kicin ina yanka albasa, wadda ba wanda ya sa ni. Ta karɓe wuƙar ta ce, "Albasar nan ba ta yi miki komai ba. Ni dai ban tambaye ki ba. Amma abin da kike so, in kin yi shiru, ba wanda zai faɗa miki shi a madadinki." Ta miƙo min tsumma ta fita.

Da safe na sa rigata shuɗiya mai ƙananan furanni, na ɗaura niyyar zan faɗa masa. Na jefa agogo a kwano, na zura zobe, na ɗora safa, kamar kullum. Na tarar ya riga ni zuwa, ya jera na'urori uku a kan tebur, ya naɗe hannun riga. Ina ganin fuskarsa niyyar ta gudu.

"Ba na so na bar miki matsala a baya," in ji shi. "Mu yi abu ɗaya. Ki yi gwajin yadda kika saba, ni kallo kawai zan yi."

Na damƙe da hagu. Tsalle.

"Ba ki jira ta yi ɗumi ba," ya ce. "Kina rufe hannu ya tashi. Ɗumi ba ya sauri haka."

Gaskiya ne, kuma ni ya kamata na fara ganin haka.

"Koma da ita hannun dama."

Na mayar. Layi ya miƙe sumul kamar an ja shi da rula. Muka jira, muka jira, ko gezau.

"Hagu kuma."

Tsalle.

Ya ƙura wa hannuna na hagu ido. Ni kuwa a lokacin na riga na gane, har da gefen faifan da muka datse, wanda ya bar wa ƙarfe hanya ta baya.

Ya ɗauki na'ura ɗaya da ɗan hantsaki, ya ce, "Shimfiɗa hannun a kan tebur." Ya fara bi da ita a saman yatsuna, bai taɓa ni ba, idonsa a kan kwamfuta. Babban yatsa, shiru. Manuni, shiru. Na tsakiya, layin ya ɗan yi rawa. Yana zuwa na kusa da ƙaramin, layin ya harba sama har ya fice daga gilashin kwamfutar.

Ya ajiye hantsakin a hankali.

"Injiniya, akwai ƙarfe a yatsan nan."

"Ƙila... ƙila jinina ne ke da ƙarfe da yawa."

"A yatsa ɗaya?"

"Haka Allah ya yi ni."

Gefen bakinsa ya fara rawa. "Wa ya kafa dokar kwanon roba?"

"Ban sani ba."

"Cire safar."

Na ja ta a hankali, yau kam ban haɗa da zoben ba. Ga shi nan, ɗan dutsen yana ƙyalli a ƙarƙashin fitilar tebur, ya ma yi min shaida a yatsa saboda yawan sawa.

Bawan Allah nan ya zauna daɓas a kan kujera, ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna girgiza. Na ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce.

"Tun yaushe?"

"Tun washegari."

"Washegari! Na canza roba, na matsar da noti, na rame, na kusa haɗa kayana na bar gari, ashe amsata tana nan tana lalata min murfi!"

"Ai kai ka ce a datse faifan."

"Ke kika sa zobe!"

"Kai ka ba ni!"

A haka Shugaba ta turo ƙofa ta same mu, ni da safa ɗaya a hannu, shi yana share hawayen dariya. Ta kalli kwamfuta, ta kalli yatsana, ta kalle shi. Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai ta cire ɗan kunnenta ɗaya, ta kai shi bayan na'urar. Layi ya yi tsalle. Ta zare tabaraunta mai ƙafar ƙarfe, ta gwada. Tsalle.

"Kun ga abin da kuka gano?" ta ce. "Masu sa na'urar nan da 'yan kunne suke yawo, da tabarau. Da mun fitar da ita haka, da sauti ya yi ta tashi a kunnen bayin Allah ba su san dalili ba. A mayar da faifan cikakke. Ki kuma ƙara koyil na biyu a gefe, wanda ba a dannawa, in duka biyun suka ji ƙarfe tare, na'urar ta san ba yatsa ba ne ta yi biris."

Na ce, "Wuri fa, ranki ya daɗe?"

Mai Murfi ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "Zan faɗaɗa murfin."

Ta kalle shi ta saman ido. "Kai da za ka sabon reshe?"

"Ai... iskar can ba ta karɓe ni ba."

"Ka taɓa zuwa ne?"

"A'a."

Ta mayar da ɗan kunnenta tana murmushi. A bakin ƙofa ta juyo ta ce min, "Allah ya sanya alheri. Amma gobe a kwano zan gan shi."

Ban kai gida ba saƙonsa ya shigo: "Asabar bayan la'asar. Wace riga zan sa?" Na ce ya sa wadda ba ta da tabon fensir. Ya ce ba shi da irinta, sai dai ya saya.

Na faɗa wa Umma a kicin, da baya na juya mata don ba zan iya kallonta ba. Ta ce, "Dama na sani, tun da kika fara waƙa a wurin wanke-wanke." Gwaggo kuwa da labari ya kai mata, sai da ta sauke ƙafa daga tebur.

"Mai me? Murfi? Murfin tukunya?"

"Na na'ura, Gwaggo."

"Oh ni! An bar mai motoci an ɗauko mai murfi. To yana da tsawo?"

"Sai ya sunkuya a ƙofar nan."

"To da sauƙi. Ku duk gajeru ne a gidan nan, ana buƙatar gyara."

Ranar Asabar Gwaggo ce ta fi kowa shiri. Ta sa aka canza labulen falo, ta fito da kofunan baƙi masu bakin zinariya, ta sa ni canza mayafi har sau nawa, daga ƙarshe ta ce na koma na farkon. Mai Murfi ya zo da farar riga sabuwa, har da layin ninki a hannu, ya kuwa sunkuya a ƙofa. Na kai shayi, na ajiye zan gudu.

"Auta, dawo," in ji Baba. "Zauna nan."

Na zauna a gefen kafet, na dunƙule.

"Yaron nan ya ba ni labari, na yi dariya har na ƙware. Wai na'ura ce ta ba shi amsa. To ni ba injiniya ba ne, ban iya karanta layi a kwamfuta ba. Kwanan nan na tambaye ki kika ce min babu kowa. Yanzu ga mutum zaune a falona. Da bakinki nake so na ji, shi ma ya ji. Kina son sa?"

Na saci kallon Mai Murfi. Duk dariyar nan ta ɗakin gwaji babu ita, ya riƙe kofi da hannu biyu, ya kafe shi da ido. Sai a lokacin na gane har yanzu bai taɓa jin amsar daga bakina ba.

Na ce, "Eh."

"Ban ji ba."

"Eh, Baba, ina son sa."

Daga kicin muryar Umma ta taso, "Mu ma nan mun ji!"

Shayin ya ɗan zube masa a kan sabuwar rigar, bai ma lura ba. Baba ya gyara zama, ya ce, "Madalla. Tashi ki ba mu wuri. Kai kuma jawo kujerarka kusa, yanzu za mu fara magana."

Na fita na ja ƙofa, amma ƙafata ta ƙi tafiya. Na manna kunne a jikin katakon. Ban gama daidaita shi ba na ji gwiwar hannu a haƙarƙarina, ga Gwaggo ta tuɓe takalma ta riƙe a hannu.

"Matsa min," ta raɗa. "Ke ai kin gama naki."